Rage girman hotuna da sauya musu suna kafin a sa su a intanet

Da wuya hoton da mai karatu ke gani a shafin intanet ya kasance shi ne ainihin wanda kyamara ta ɗauka. Galibi kwafi ne da aka rage masa girma, aka kuma ba shi sabon suna kafin a ɗora shi.

Idan hoto ɗaya ne, aikin bai wuce na minti guda ba. Amma idan hotunan sun kai ɗaruruwa ko dubbai, kamar na ɗalibai masu rajistar jarrabawa, ko na shafukan tsofaffin littattafan malaman ƙasar Sakkwato, to sai an nemi manhajar da za ta yi su duka a karo ɗaya.

Sauƙin da manhajar ke kawowa shi ne kuma haɗarinta, domin umarni guda da aka bayar bisa kuskure na iya ɓata hotuna dubu cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Daga ina nauyin hoto yake zuwa?

Kowane hoto na kwamfuta an gina shi ne da ƙananan ɗigo-ɗigo masu launi, waɗanda ake kira fiksel.

Kyamarar da aka ce tana da megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai ɗigo 4,000 a faɗi da 3,000 a tsaye, wato ɗigo miliyan 12 ke nan.

A bisa tsarin da aka fi amfani da shi, kowane ɗigo na cin bait 3: ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi. Saboda haka idan ba a matse irin wannan hoto ba, nauyinsa zai kai kimanin megabait 36.

Kyamara da wayar salula sukan matse shi tun a lokacin ɗauka, ya dawo megabait 3 zuwa 5. Duk da haka ya fi ƙarfin abin da shafin intanet ke bukata.

Akwai hanyoyi biyu na rage hoto, kuma mutane da dama sukan ɗauke su abu guda. Ta farko ita ce rage yawan ɗigon, misali daga 4,000 a faɗi zuwa 1,200. Ta biyu kuwa ita ce ƙara matse fayil ɗin ba tare da an taɓa faɗinsa da tsayinsa ba.

Idan aka raba faɗi da tsayi biyu, yawan ɗigon na komawa kashi ɗaya cikin huɗu, ba rabi ba. Hoto mai 1,200 da 900 bai kai kashi ɗaya cikin goma na mai 4,000 da 3,000 ba.

Abin da ya kamata a sani shi ne, ragin ba ya komowa. Ana iya faɗaɗa ƙaramin hoto, amma ɗigon da aka zubar ba za su dawo ba, sai dai hoton ya yi dishi-dishi.

Me ya sa ake ragewa?

Dalili na farko shi ne lokaci. A farkon shekarun 2000, lokacin da shagunan intanet suka fara yaɗuwa a biranen arewacin Najeriya, layin tarho mai gudun kilobit 56 a daƙiƙa yana bukatar kusan minti 10 kafin ya sauke hoto mai megabait 4. Idan aka rage shi zuwa kilobait 200, rabin minti ya isa.

Layukan sun ƙara sauri tun bayan zuwan wayar salula ta GSM Najeriya a shekarar 2001, amma kyamarori su ma sun ƙara ƙarfi, kuma sabis a ƙauye ba ɗaya yake da na birni ba.

Dalili na biyu shi ne kuɗi. Littafi mai shafi 500, idan kowane shafi ya ci megabait 4, zai kai kusan gigabait 2. Idan aka mayar da kowane shafi kilobait 200, littafin gaba ɗaya zai tsaya a megabait 100.

Ga ɗalibin da ke karatu da wayarsa a Lambara ko Shagari, yana sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan bambanci ne ke yanke hukuncin ko zai buɗe littafin ko zai haƙura.

Dalili na uku shi ne ƙa'ida. Shafukan rajista na hukumomin jarrabawa irin su WAEC da NECO sukan ƙayyade girman hoton fasfo da za su karɓa, kuma sukan ƙi duk wanda ya zarce.

Nau'o'in fayil

JPEG shi ne nau'in da aka fi sani. An amince da shi a matsayin tsari na duniya a 1992. Yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da bayanan da ido bai cika lura da su ba. Duk lokacin da aka buɗe shi, aka gyara, aka sake adanawa, yana ƙara rasa wani abu.

GIF ya girme shi. Kamfanin CompuServe na Amurka ne ya fito da shi a 1987, kuma launi 256 kawai yake iya ɗauka, don haka bai dace da hoton mutum ko na wuri ba.

PNG ya fito a 1996. Ba ya zubar da komai, kuma ya fi dacewa da tambari da taswira da zane mai layuka.

WebP na kamfanin Google ne, wanda ya gabatar da shi a 2010 domin shafukan intanet. Yakan fi JPEG sauƙin nauyi a inganci iri ɗaya.

TIFF kuwa, wanda ya samo asali a 1986, ba na ɗorawa a shafi ba ne. Nauyinsa na da yawa, amma shi cibiyoyin adana tarihi suka fi zaɓa wajen ajiye kwafin asali.

Darasin warƙoƙin Sakkwato

Yankin da ke kudu da birnin Sakkwato, inda garuruwan Boɗinga da Sifawa da Shagari da Lambara suke, yana da tsohon tarihin rubutu.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa daga wajajen 1810 zuwa 1815, yana karantarwa yana rubutu, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi, mai littafin Tazyinul Waraƙat da tafsirin Liya'ut Ta'awili, ya zauna a Boɗinga kafin ya koma Gwandu.

Littattafan wancan zamani, kamar akasarin na Afirka ta Yamma, ba a ɗinke suke ba. Warƙoƙi ne sake, ana haɗa su tsakanin bango biyu, a ɗaure da igiyar fata, a sa a gafaka. Yawancinsu ba su da lambar shafi.

Dabarar da marubuta suka yi ita ce, a ƙasan bayan kowace warƙa sai su rubuta kalmar da warƙa ta gaba ta fara da ita. Ko da iska ta watsa littafin, mai ilimi zai iya bin waɗannan kalmomi ya mayar da shi yadda yake.

Idan aka ɗauki hoton irin wannan littafi, kowane shafi na zama fayil mai zaman kansa. Kwamfuta ba ta bin kalmar ƙasan warƙa wajen jera fayiloli. Suna take bi. Ke nan sunan fayil shi ke yin aikin da waccan kalma take yi, kuma idan ya ɓaci, littafin ya watse.

Wannan ne ya sa masu aikin adana rubuce-rubuce suke ɗaukar batun suna da muhimmanci.

Akwai tarin irin waɗannan littattafai a Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Gidan Arewa da ke Kaduna, baya ga waɗanda ke hannun iyalan malamai.

A 2004 Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya soma wani shiri na ceto takardun tarihi da ke fuskantar barazanar lalacewa, da tallafin gidauniyar Arcadia. Daga cikin ayyukan da shirin ya ɗauki nauyi akwai mai lamba EAP535, wanda ya ɗauki hotunan takardun arewacin Najeriya a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

Tsarin shirin shi ne takardun asali su ci gaba da zama a ƙasarsu, a ajiye cikakkun hotuna masu nauyi, sannan jama'a su riƙa ganinsu kyauta ta intanet. Kowane aiki na da lambarsa, kuma da ita ake gane duk abin da ya fito daga cikinsa.

Haka nan kuma Jami'ar Boston ta Amurka ta ɗora rubuce-rubucen Ajami na Hausa da na wasu harsunan Afirka a intanet, a ƙarƙashin aikin da Farfesa Fallou Ngom ya jagoranta.

Iyakar ragi a rubutun hannu

Ragin da ya dace da hoton taro ko na kasuwa yana iya lalata hoton shafin littafi.

A salon rubutun Larabci da ya yaɗu a ƙasar Hausa daga Magrib, harafin fa yana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Idan matsi ya shafe ɗigon, ko ya haɗe shi da jikin harafi, ma'anar kalma na iya sauyawa.

Haka kuma ana yawan rubuta wasulla da jar tawada. Tsarin JPEG ya fi rage bayanin launi a kan na haske da duhu, don haka siraran alamomi masu ja su ne sukan fara dusashewa.

Sharhin da malamai ke rubutawa da ƙananan haruffa a gefen shafi da tsakanin layuka shi ma yana saurin ɓacewa.

Saboda haka kafin a sake wa manhaja littafi gaba ɗaya, ana gwada ta ne a kan shafin da ya fi kowanne ƙananan rubutu. Idan ya karantu, sauran za su karantu.

Me ya sa sunan da kyamara ta bayar bai isa ba?

Akasarin kyamarori na bin wani tsari da masana'antun Japan suka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1990. Shi ya sa ake ganin jaka mai suna DCIM a katin kyamara da na waya.

A bisa wannan tsari, sunan hoto harafi huɗu ne da lamba huɗu, kamar IMG_0001 ko DSC_0001. Lambar ba ta wuce 9999. Idan ta kai nan sai ta sake farawa.

Ke nan kyamarori biyu, ko kyamara ɗaya a lokuta daban-daban, suna iya ba hotuna mabambanta suna iri ɗaya. Idan aka zuba su a jaka guda ba tare da lura ba, sabo na iya danne tsoho.

Sunan kuma ba ya faɗin komai a kan abin da ke ciki. A makarantar da ke rajistar ɗalibai 300, hanyar da ta fi aminci ita ce a sa wa kowane hoto lambar ɗalibin, domin sunaye irin su Abubakar Muhammad sukan maimaitu a aji ɗaya, kuma musayar hoto a takardar jarrabawa gyaranta na da wahala.

Ƙa'idojin sa suna

Ta farko ita ce a cike lamba da sifili. Manhajoji da dama na jera suna harafi bayan harafi, don haka 10 da 11 sukan zo kafin 2. Idan aka rubuta 001 da 002 da 010, jerin zai daidaita. Littafin da ya haura shafi 999 yana bukatar gurbi huɗu.

Ta biyu ita ce a fara da abin da ya fi faɗi, a ƙare da mafi ƙanƙanta: wuri, sai tarin littattafai, sai littafi, sai shafi. Misali, sifawa-t02-l015-0007 na nufin shafi na 7 na littafi na 15 a tari na 2.

Ta uku, idan za a sa kwanan wata, a fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2023-03-18. Wannan ne tsarin ISO 8601 na 1988, kuma yana sa hotuna su jeru bisa tarihi da kansu.

Ta huɗu ita ce a guji barin fili tsakanin kalmomi. A adireshin intanet fili na komawa %20. Karan ɗori ya fi dacewa.

Ta biyar ita ce a tsaya a kan ƙananan haruffa. Windows ba ta bambanta Hoto.JPG da hoto.jpg, amma Linux, wadda yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet ke amfani da ita, tana ɗaukarsu fayiloli biyu. Wannan na daga cikin dalilan da hoto kan bayyana a kwamfutar mai shafi, amma ya ƙi fitowa bayan an ɗora.

Haruffa masu lanƙwasa

Masu rubutu da Hausa na da wata matsala ta daban, wato haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ.

Tsarin Unicode ya tanade su, kuma kwamfutocin zamani na nuna su. Amma a adireshin intanet ana mayar da su lambobi: ƙ na zama %C6%99, ɗ na zama %C9%97, ɓ kuma %C9%93. Sunan Boɗinga sai ya koma Bo%C9%97inga.

Wasu tsofaffin manhajoji kuma, musamman na dunƙule fayiloli, sukan mayar da irin waɗannan haruffa alamar tambaya ko wasu alamomi marasa ma'ana.

Alamar hamza da ke cikin kalmomi irin su jami'a da ma'aikata ita ma takan rikita wasu umarnai na kwamfuta.

Abin da masu aikin suka fi yi shi ne su rubuta sunan fayil da haruffa marasa lanƙwasa, sannan su ajiye cikakken suna da Hausa ko Larabci a wani jadawali na daban, da kuma a bayanin da ke ƙarƙashin hoton.

Sai dai cire lanƙwasa na iya haɗe kalmomi biyu, kamar kafa da ƙafa, ko dari da ɗari. Wannan ma wani dalili ne na dogaro da lamba fiye da kalma.

Manhajojin da ake amfani da su

IrfanView na daga cikin waɗanda suka fi daɗewa. Irfan Skiljan, ɗan asalin garin Jajce na Bosniya, shi ya fito da ita a 1996, kuma kyauta ce ga wanda ba kasuwanci zai yi da ita ba. Danna harafin B na buɗe sashen da ke rage girma da sauya suna a lokaci guda.

XnView da 'yar uwarta XnConvert, na Bafaranshe Pierre-Emmanuel Gougelet, su ma suna yin irin wannan aiki.

ImageMagick ta fi su tsufa. John Cristy ne ya soma ta a 1987 a kamfanin DuPont, aka sake ta ga jama'a a 1990. Da rubutaccen umarni ake sarrafa ta. Umarninta mai suna mogrify yana rubutawa ne a kan hotunan asali, sai fa idan an nuna masa wata jaka ta daban.

Photoshop na da hanyar naɗar matakan da aka bi a kan hoto ɗaya, sannan a maimaita su a kan saura.

Kamfanin Microsoft ya haɗa Image Resizer da PowerRename a cikin tarin PowerToys na Windows. Ita kuwa Picasa ta Google, wadda ta yi farin jini a shekarun 2000, an daina ta a 2016.

Matakan aiki

Da farko a kwafi hotunan asali zuwa wuri biyu daban-daban, a kuma daina taɓa su.

Sannan a duba jerin, a tabbatar babu shafin da aka tsallake ko aka ɗauka sau biyu. Wannan ya kamata ya riga sauya suna, domin da zarar lambobi sun hau, gyara na nufin sake jera duk abin da ya biyo baya.

Bayan haka a sauya suna, a ajiye jadawalin da ke nuna tsohon suna da sabo.

Sai a zo ga ragi. A ƙayyade gefen da ya fi tsawo kawai, a bar manhaja ta lissafa ɗayan. Idan aka tilasta faɗi da tsayi duka, fuskoki sukan miƙe ko su baje. A kuma hana manhajar faɗaɗa hotunan da dama can ƙanana ne.

Kwafin da aka rage ya tafi jakarsa ta daban, amma ya riƙe lambar asalinsa, ta yadda wanda ya ga ƙaramin zai iya neman babban.

Daga ƙarshe a ƙidaya. Idan hotuna 500 suka shiga, 500 ya kamata su fito.

Bayanan da ke ɓoye a hoto

Hoton kyamara na ɗauke da wasu bayanai da ba a gani, waɗanda ake kira Exif. Sun haɗa da ranar ɗauka da irin kyamarar, kuma a waya sau da yawa har da ainihin wurin da aka tsaya.

Bayanan na da amfani, domin manhaja irin su ExifTool, wadda Phil Harvey ya fitar a 2003, na iya ɗaukar ranar ta sa a sunan fayil. Amma idan agogon kyamara ba daidai yake ba, duk sunayen za su fito da kuskure.

Suna kuma da haɗari. Hoton littafi mai daraja da aka ɗauka a gidan wani malami yana iya nuna wa ɓarawo ƙofar gidan. Shi ya sa ake cire bayanin wuri daga kwafin da za a ɗora, a bar shi a na asali.

Akwai kuma alamar da ke nuna ko a tsaye aka riƙe waya ko a kwance. Idan aka share ta kafin a juya hoton, zai fito a karkace.

Shafin intanet ba ma'ajiya ba ne

A watan Janairun 2013, 'yan bindiga da ke ficewa daga Tumbuktu ta ƙasar Mali sun ƙona ko sun kwashe kimanin rubuce-rubuce 4,000 a Cibiyar Ahmed Baba. Akasarin tarin garin ya tsira ne saboda an riga an fitar da shi a asirce zuwa Bamako, inda daga baya aka ɗauki hotunansa. A 2022 Google ya ɗora shafuka sama da 40,000 daga ciki a intanet.

Idan takarda ta salwanta, hoton da aka ɗauka ne ke maye gurbinta. Idan ragaggen kwafi kaɗai ya saura, to duk abin da ragin ya shafe ya tafi ke nan.

Su ma manyan cibiyoyi ba su tsira ba. A watan Oktoban 2023 masu kutse sun kai wa Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya hari, abin da ya rufe da dama daga hidimominsa na intanet na tsawon watanni.

Shawarar da masana adana bayanai suka fi bayarwa ita ce a riƙe kwafi uku na hotunan asali, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani gari daban.